Kwana Sha Tara da Aka Toshe Wayar Wartini

Ni na koya wa yarinyar yadda ake yi. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya ɗauka ina ba da labarin nan ne don in wanke kaina.

Sunana Pei-shan, shekarata goma sha huɗu ina koyar da sadarwar kwamfuta a wata sakandaren fasaha a garin Chungli. Ranar wata Talata ina tare da 'yan aji biyu, a cikinsu har da Yun-ting, 'yar yayana, wadda take ce mini Malama a aji, Gwaggo a gida. Na zana da'ira huɗu a allo, ƙarama a cikin babba.

"Wannan 'yar mitsitsiyar ta jikinku ce," na ce, "wayarku da abin da kuke cusawa a kunne. Ke ta baya, cire naki, da ke nake. Ta biyu ta gida ce ko ta makaranta, ita ake kira LAN. Ta uku ta haɗe gari guda. Ta huɗu kuwa ta tsallake teku, ita ce take sa ka ga mutum a wata ƙasa yana hamma."

Suka yi dariya. Na ɗaga wani akwati mai ƙahoni huɗu na nuna musu.

"Wannan shi ne rauta, maigadin gida. Kebul hanya ce, suwic yana raba hanyar tsakanin na'urorin cikin gida, amma duk mai fita waje sai ta hannun wannan. Kowace na'ura tana da lambar da ta zo duniya da ita. In ka ba maigadi lambar ka ce kada ta wuce, shi ke nan, ko ta san kalmar sirri ba za ta wuce ba."

Yun-ting ta ɗaga hannu. "Malama, za a iya ce masa ya bar ta ta wuce awa ɗaya kawai a rana?"

Kai, na ji daɗin tambayar nan! Na kunna majigi na nuna mata dalla-dalla, inda ake shiga, inda ake sa lamba, inda ake sa lokaci. Har na ce wa sauran su yi koyi da ita.

Duk Lahadi a gidan Yaya Chun-hung nake cin abincin rana, don mahaifiyarmu tana can tun da ɓarin jikinta ya shanye. Mai kula da ita Wartini ce, 'yar aiki daga tsibirin Java, wata takwas da zuwanta. A gidan, A-ni suke ce mata, wai sunanta yana da wuyar faɗa, mutanen da suka haddace sunan kowane maganin da karensu yake sha. Ita ke ɗaga Mama, ta yi mata wanka, ta juya ta duk bayan awa biyu, ta ba ta kunun shinkafa a baki cokali-cokali. A kan 'yar katifa take kwana a gindin gadon. Ranar hutu kuwa babu, wai sai ta saba tukuna.

Ranar da ta iso, matar yayana, Anti Shu-lan, ta karɓe fasfonta da layin wayarta, wai za ta ajiye mata kada su ɓata.

"Me za ki yi da layi?" in ji ta. "Ga waifai a gida kyauta, ki yi ta kiran 'yarki har ki gaji."

'Yar ita ce Nining, shekararta bakwai, tana ƙauye wajen kakarta. Duk hanyar da ta rage tsakanin uwa da 'ya ita ce akwatin nan mai ƙahoni da ke bisa firijin Anti Shu-lan.

Lahadin da ta biyo bayan darasina, na tarar an rage mata waifai zuwa awa ɗaya a rana, daga goma zuwa sha ɗaya na safe. A lokacin Nining tana makaranta. Ran Lahadi kuwa a daidai wannan awar Wartini tana gaban murhu tana dafa mana abin da za mu ci. Sai ya zama ba sa ganin juna, sai dai saƙon murya: 'yar ta ajiye, uwar ta ɗauka washegari.

"Yaya, ai ka mayar mata da awar zuwa yamma mana," na ce.

"Da yamma Mama ta fi bukatarta."

"To da rana, in Mama ta yi barci."

"Lokacin guga ke nan," Anti Shu-lan ta karɓe. "Ke ba ki san mutanen nan ba, Pei-shan. In kika sakar musu waya, tsohuwa sai ta mutu a kujera ba su ɗago kai ba. Don amfanin kanta muka yi, yawan kallon waya yana kashe ido."

Tana faɗa tana kallon tata wayar. Na ci gaba da tauna kifina.

Bayan sati biyu aka kafa kyamara a ɗakin Mama, ta fuskanci gado da katifar ƙasa. Wartini ta koma canza kaya a banɗaki, salla kuma a lungun bayan ƙofa, inda idon abin ba ya kaiwa.

"Ba ita muke kallo ba," Yaya ya ce, "Mama muke kallo. In ba ta da abin ɓoyewa, mene ne na damuwa?"

Akwai abu ɗaya da ya rage mata. Da yamma in motar shara ta shigo layi tana kaɗa waƙarta, kowane gida sai ya sauko da ledarsa. A nan masu aikin gidajen layin suke haɗuwa, 'yan ƙasarsu su huɗu ko biyar, su yi minti goma suna hira da yarensu, wata ta ara wa wata waya. Na taɓa ganinta a wurin, leda a hannu, tana dariya har da dafa bango. Ban ma san tana da wushirya ba sai ranar.

Anti Shu-lan ma ta gani, daga taga. Tun daga ranar Yaya ne ke sauka da shara, mutumin da bai taɓa ɗaga kofin da ya sha shayi ba.

"A nan ake hure musu kunne," ta ce. "Wannan ta ce albashinta kaza, waccan ta ce ana ba ta hutu. Gobe ki wayi gari ta gudu. Mu fa kamar 'yar gida muka ɗauke ta."

Wartini tana tsaye a bayanta riƙe da tire. Ta ji, don ta iya yarenmu daidai gwargwado. Ta ajiye mana lemo ta koma ciki.

Sai ranar wata Alhamis. Nining ta kwana biyu da zazzaɓi, ba ta je makaranta ba, don haka a karon farko cikin makonni awar ta yi amfani. Wartini tana kallon fuskar 'yarta a waya, Mama ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa. Ba ta karye ba, ɗan kumburi ne a gwiwar hannu. Amma kyamara ta ɗauka, Anti Shu-lan kuma ta tura wa dangi hoton kaf, har da na can garin Kaohsiung.

Washegari ƙarfe goma ta yi, wayar Wartini ta ƙi shiga. Yaya ya karɓa ya jujjuya, ya girgiza kai kamar mai jaje.

"Ta tsufa, A-ni. Irin waɗannan haka suke mutuwa farat ɗaya."

Duk wannan daga baya na ji. Abin da na gani da idona shi ne na ran Lahadi. Ina wanke hannu a kicin ta matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Malama, don Allah. Ke kin san na'ura. Nining zazzaɓi, kwana uku ban ji ba. Ki duba mini."

Na karɓa. Wayar tana ganin waifai ɗin sarai, ta nemi shiga, a koro ta, ta sake nema, a sake koro ta. Shekara sha huɗu ina wannan aiki, haba, ko a mafarki na san abin da ke sa haka. An ba maigadi lambarta ne.

"Pei-shan!" Anti Shu-lan ta leƙo. "Miya tana hucewa. A-ni, Mama tana tari, ba ki ji ba ne?"

Na mayar mata da wayar. "Sai wani satin zan duba miki da kyau," na ce.

Wani satin ban zo ba. Na ce ina makin jarrabawa. Satin da ya biyo ma ban zo ba, na ce mura. Ƙarya ce duka. Ba na son rigima da Yaya, ba na kuma son idon matar nan a kaina, shi ke nan dalilin. Tir da ni.

A ƙarshen babin nakan ba ɗalibai aikin gida: kowa ya zana taswirar sadarwar gidansu, kowace na'ura da inda take ratayawa. Ran Talata suka kawo. Wasu sun yi zane kamar kaza ta bi ta kan takarda. Na Yun-ting kuwa, tabɗi! Da rula ta ja layukan. Ga rauta a tsakiya, ga suwic, ga talabijin, ga wayar uba da ta uwa, ga kyamarori uku, ga na'urar shara mai yawo da kanta. Har da kwanon abincin Mantou, karensu, wanda ke zubo masa abinci sau uku a rana ya aika wa Anti Shu-lan saƙo cewa ya ci.

Can a kusurwar takarda akwai wani ɗan akwati shi kaɗai, babu layin da ya haɗa shi da komai. An ja masa jan biro. A ƙasansa, da kyakkyawan rubutunta: "Wayar A-ni. A toshe. Kwana 19."

Na tsare ta bayan an tashi.

"Mene ne wannan?"

"Ai kin ce mu sa komai, Malama."

"Wa ya toshe?"

Ta kalli takalminta. "Baba ne ya ce in yi. Shi bai iya ba." Sai ta ɗago da tsiwa irin ta 'yan shekara sha shida. "Ke kika nuna mana fa, Gwaggo. Har kika ce tambayata ta yi kyau."

Ita ma tsiwar ba ta daɗe ba, ta ci gaba da magana a hankali.

"Kullum in na dawo sai ta miƙo mini wayar. Sai in yi ta dannawa kamar ina gyarawa, in ce ta ƙi. Ta tura ta cikin buhun shinkafa kwana biyu, wai ko ruwa ne ya shiga. Tana ɗaga ta sama a bakin taga. Shekaranjiya ta cire ɗan kunnenta ta ba ni, wai in kai wa mai gyara in biya da shi." Ta zuge jaka ta fito da shi a cikin 'yar takarda. "Ban san inda zan sa shi ba, Gwaggo."

"Ɗauki jakarki," na ce.

Ƙarfe biyar muka shiga gidan. Yaya yana falo da jarida, Anti Shu-lan tana taje wa Mantou gashi. Ta ƙofar ɗaki ina hango Wartini tana ba Mama kunu. Ta rame har wuyan rigarta ya yi mata yawa.

Na shimfiɗa taswirar a kan jaridar Yaya.

Ya duba, ya gyara tabarau. "To, ai ta yi ƙoƙari. Nawa kika ba ta?"

"Yaya, ka ce wa matar nan wayarta ta lalace."

"Horo ne na ɗan lokaci. Uwarki ce fa ta faɗi ƙasa, ba uwar wani ba."

"'Yarta ba ta da lafiya!"

"Yara ai kullum cikin zazzaɓi suke," in ji Anti Shu-lan. "Ki rage murya, maƙwabta suna ji."

"Yun-ting, buɗe."

"Kada ki kuskura," Yaya ya ce.

Yarinyar ta dube shi, ta dube ni. Ta ciro wayarta, ta shiga inda na nuna musu a majigi, ta goge lambar. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba.

Daga cikin ɗaki muka ji ƙara. Ɗaya, sai wata, sai suka ɓarke babu tsayawa, wayar tana ta zillo a aljihun Wartini. Ta fito riƙe da cokali, fuskarta ta washe, wushiryar nan ta bayyana.

"Ta gyaru! Malama, ta gyaru! Na gode, na gode!"

Ni take wa godiya. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta fara daga saƙo na farko, wayar manne da kunne, amma falon ya yi tsit har muna jin 'yar siririyar muryar. Ba na jin yarensu. Daga baya ni na roƙe ta ta fassara mini, ta kuwa fassara, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba.

"Umma, kaina yana ciwo, ki kira."

"Umma, mun zo asibiti. An yi mini allura ban yi kuka ba."

"Umma, Kaka ta ce aiki ne ya yi miki yawa."

"Umma, fushi kike yi da ni? Na sha maganin duka fa."

Daga nan muryar yarinya ba ta sake fitowa ba. Sai ta tsohuwa, tana magana tana shessheƙa. Sai ta namiji, ƙanen Wartini, gajeren saƙo. Ta saurare shi sau biyu. Cokalin ya faɗi. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, kamar mai tsoron tada wani daga barci, sannan ta kifa goshinta a kan tayil. Sautin da ya fito daga cikinta ban taɓa jin irinsa ba, ba na kuma fatan in sake ji.

Kwana tara ke nan da binne Nining. Ranar Lahadi ta rasu, Lahadin da nake gida ina ƙaryar makin jarrabawa.

Na juya wajen su biyun. Abin da na gani shi ya fi komai tayar mini da zuciya: babu mamaki a fuskar kowannensu. Anti Shu-lan ta ci gaba da shafa bayan kare.

"Mu ma muna neman lokacin da ya dace ne mu faɗa mata," ta ce. "Da dillalin da ya kawo ta ya kira..."

"Ya kira? Yaushe?"

Ta kalli mijinta.

"Litinin ɗin waccan," Yaya ya ce, ya naɗe jaridarsa. "Kada ki dube ni haka. Su a ranar suke binnewa, ko jirgi ta hau ba za ta tarar ba. To me faɗar za ta ƙara? Tausayinta muka ji."

"Kwana takwas kuna kallonta tana ɗaga waya a taga!"

"In ta ji ta ce za ta tafi fa? Kafin a kawo wata sai an yi wata uku. Ke za ki ajiye allonki ki zo ki kwashe kashin Mama? Iye? Ke da kike zuwa ran Lahadi ki ci kifi ki goge baki ki tafi, yau ke ce mai tausayi?"

Ya same ni. Yun-ting ta ajiye ɗan kunnen a kan tebur ta shige banɗaki, muna jin ta tana amai.

Daga ciki Mama ta yi irin gurnanin da take yi in tana son a zo. Babu wanda ya motsa a cikinmu, mu 'ya'yanta. Wartini ce ta ɗago, ta share fuska da gefen ɗankwalinta, ta tsinci cokalin, ta wanke shi, ta koma ta goge kunun da ya zubo wa Mama a haɓa.

A daidai lokacin wayar Anti Shu-lan ta yi ƙara. Ta duba, don hannunta ya saba. Kwanon ne yake sanar da ita cewa abincin yamman Mantou ya zubo.

Fasfon sai da na ce zan kira hukumar ƙwadago a gabansu sannan ya fito, daga cikin akwatin takalma. Bayan kwana biyar Wartini ta tafi. Kafin ta fita ta kama hannuna ta nuna mini yadda ake juya Mama ba tare da an ja kafaɗar da ta mutu ba, ta sa na maimaita har sau uku. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Mama ta bi ta da ido har ƙofa, hawaye yana bin ɓarin fuskarta mai rai.

Yanzu ni ke zuwa kullum in an tashi daga makaranta, bayana kamar zai balle. Anti Shu-lan tana gaya wa dangi wai an yi wa A-ni komai amma ta watsa musu ƙasa a ido ta tafi. Dangi suna gyaɗa kai, suna cewa ai haka suke. Wata sabuwa za ta zo watan gobe. Jiya ina canza wa Mama zanen gado Yaya ya leƙo, ya yi gyaran murya.

"Pei-shan, ke da kika san kayan nan, babu wani rauta da yaro ba zai iya buɗewa ba?"

Na ci gaba da shimfiɗa zanen. Uwa ɗaya ta haife mu, ga ta nan kwance a tsakaninmu.

Taswirar Yun-ting na ba ta maki ɗari, don babu kuskure ko ɗaya a ciki. Ta ƙi karɓa. Tana nan a aljihun teburina, ita kuma ba ta sake ɗaga hannu a ajina ba.

Rauta yana ajiye tarihin duk abin da ya bi ta cikinsa, wannan ma ina koyar da shi. Na buɗe na gidan Yaya na duba kwana sha taran nan. Kwanon kare ya aika saƙo hamsin da bakwai, kuma duka sun isa a kan lokaci.